Tururin Fetur: Abin da Ya Ci Majiya da Dikko

Daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, ta kife a gefen titi. Faɗuwar ba ta zo da wuta ba. Mai ne ya fara bulbulowa yana bin magudanar ruwa, labari ya zaga gari, mutane suka fito da jarkoki da bokitai da robobin wanka. 'Yan sanda sun ce sun yi ƙoƙarin korar jama'a, taron ya fi ƙarfinsu. Sai can daga baya wuta ta tashi. Washegari aka yi wa gawa fiye da ɗari jana'iza a lokaci guda, kuma cikin makonnin da suka biyo baya waɗanda aka kwantar a asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano suka yi ta cikawa, har adadin ya haura 180.

Wata uku tsakani, ranar 18 ga Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tanka mai ɗauke da lita 60,000 ce ta faɗi. Jami'an agaji sun ce wutar ta tashi ne lokacin da ake ƙoƙarin juye man zuwa wata tankar da taimakon janareta. Mutum sama da 90 suka rasu, cikinsu har da waɗanda kallo kawai ya tsayar da su.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, zancen da ake yi a majalisa da rediyo ba ya wuce uku: wasu su ce kwaɗayi, wasu su ce talauci, wasu su ce kwana ne ya ƙare. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce: ta yaya wuta ke cim ma mutumin da ke tsaye can gefe, wanda ko ɗigon mai bai taɓa jikinsa ba? Amsar tana cikin halin fetur ɗin kansa, kuma hali ne da ya kamata duk wanda ke da babur ko janareta ko jarka a gida ya san shi.

Ba ruwan man ke kamawa ba

Ruwan fetur da ido ke gani ba shi ne ke cin wuta ba. Tururin da ke tashi daga samansa, bayan ya gauraya da iska, shi ke kamawa. Warin da hanci ke ji a gidan mai, tururin ne ya iso.

Kowane irin mai yana da matakin zafin da sai ya kai shi yake fitar da tururin da ya isa ya kama wuta. Na kananzir yana wajen digiri 38 a ma'aunin Salshiyos, na dizal ya haura 50. Shi ya sa risho da fitilar ƙwai suke buƙatar lagwani: lagwanin ke jawo kananzir kaɗan-kaɗan zuwa bakin wuta, zafi ya mai da shi tururi, sannan ya ci. Na fetur kuwa yana wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, sanyin da ko firiza ba ta kai shi. Wato babu dare, babu damina, babu tsakiyar hunturu a ƙasar nan da fetur buɗaɗɗe zai daina fitar da tururi mai kamawa. A zafin bazara kuwa, a kan kwaltar da ta wuni tana shan rana, fitar tasa ninkuwa take yi.

Wannan tururi ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Mutane da yawa suna ɗauka sama yake yi ya ɓace, to ba haka ba ne. Ƙasa yake kwantawa yana malala kamar ruwan sama mai neman gangare: ya bi kwata, ya shiga kwalbati, ya taru a rami, ya kutsa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba shi da launi. Da rana, in akwai iska mai kaɗawa, tana tarwatsa shi ta rage masa ƙarfi. Da dare, lokacin da iska ta lafa ƙasa ta yi sanyi, sai ya zauna ya yi kauri, ya yi tafiya mai nisa ba tare da ya watse ba.

Yawansa ma abin dubawa ne. Lita ɗaya ta fetur, in ta ƙafe duka, tana ba da tururi zalla wajen lita 150 zuwa 200. Amma tururin ba ya buƙatar ya yi yawa a cikin iska: daga kashi 1.4 cikin ɗari zuwa wajen kashi 7.6 yake kamawa. Idan aka yi lissafi, lita ɗayan nan tana iya mai da iska sama da lita dubu goma abin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Lita biyu zuwa uku sun isa su cika madaidaicin ɗaki. Zafin da ke cikin lita guda kuma ya isa ya tafasa ruwa kusan lita ɗari. Sai mai karatu ya ninka wannan sau dubu arba'in ko dubu sittin, adadin litar da tanka ke ɗauka.

Waɗannan iyakoki biyu, na ƙasa da na sama, su ne zuciyar maganar. In tururin bai kai kashi 1.4 ba, ya yi tsinki, ba zai kama ba. In ya wuce kashi 7.6, ya yi kauri, iskar da wuta ke buƙata ta yi kaɗan, nan ma ba zai kama ba. Kowane bakanike ya san wannan a aikace: in mai ya yi wa kafireta yawa, buga babur har ƙafa ta gaji ba zai tashi ba, sai an bar shi ya sha iska. A wurin da tanka ta zube, dab da saman man tururin yakan yi kauri fiye da kima. Can nesa kuma ya yi tsinki. Tsakanin biyun akwai wani zagaye inda haɗin ya yi daidai, kuma zagayen nan yakan faɗa ne inda 'yan kallo suke tsaye, inda aka ajiye babura, inda mai shayi yake da wutarsa. Da zarar wani abu ya kunna shi a can, wutar sai ta biyo tururin da gudu ta dawo kan man, ta ratsa duk wanda ke tsakani. Wanda ya ga abin zai ce wuta ta tashi ko'ina a lokaci ɗaya. A zahiri, wurin ya daɗe da cika, ido ne bai gani ba.

Akwai kuma abin da tururin ke yi wa mai shaƙarsa tun kafin wuta. Yana sa jiri da ciwon kai, yana dakushe tunani, ƙafa ta yi nauyi. Wanda ya yi minti goma a duƙe cikin kwata yana ɗiba, tufarsa ta jiƙe da mai, kansa yana juyawa, ba shi da ƙarfin gudun da yake zaton yana da shi.

Me ke kunna ta?

Abin da ake buƙata ƙanƙani ne ƙwarai. Ɗan tsunkulin nan da mutum ke ji a yatsa lokacin hunturu in ya taɓa ƙofar mota, ko ƙyas-ƙyas ɗin da rigar sanyi ke yi in an cire ta cikin duhu, ƙarfinsa ya wuce abin da tururin fetur ke nema. Lantarki ne da gogayya ke tarawa a jiki da tufa, kuma busasshiyar iska ce ke ba shi damar taruwa. Shi kansa man, in yana gudu cikin mesa ko yana zuba a jarkar roba, yana tara irin wannan lantarkin. Saboda haka ne a daffo ake maƙala wa tanka waya zuwa ƙasa kafin a fara lodi ko sauke kaya, saboda haka ne kuma ake cewa a sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a cika ta tana cikin but ko bayan a-kori-kura.

Ban da wannan, ga filogi da salansar babur, ga janareta mai aiki, ga bokitin ƙarfe da ke gogar kwalta ko jikin tanka, ga ashana da laita, ga wayar batir da ta tsinke a jikin motar da ta faɗi. A Yamai, cikin daren 5 ga Mayun 2019, tanka ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, jama'a suka taru ɗiban mai, mutum fiye da 55 suka mutu nan take. Shaidu sun danganta tashin wutar da wani babur da aka kawo wurin. A taron mutum ɗari biyu cikin duhu, kowa da abin hannunsa, ba a tambayar ko za a samu tartsatsi. Lokaci kawai ake jira.

Wayar salula ita ce aka fi tsorata a gidajen mai, alhali binciken da aka yi a ƙasashen waje bai tabbatar da gobarar da siginar waya ta tayar ba. Gobarar da aka ɗora wa waya, da aka bi diddigi, galibi lantarkin jiki ne. Wannan ba izinin amsa waya a bakin famfo ba ne, don tana ɗauke hankali. Damuwata ita ce mutum ya kashe waya ya ji ya tsira, alhali injin motarsa yana aiki, ko yaron shago yana zuba wa janareta mai yana ruri.

Ruwa ba ya kashe ta

Abu na farko da hannu ke kaiwa in an ga wuta shi ne bokitin ruwa. A wutar fetur wannan ƙara ta yake yi. Fetur bai kai ruwa nauyi ba: lita ɗaya ba ta wuce giram 750 ba, ta ruwa kuwa kilo guda ce. Ruwan sai ya nutse, man ya hau kansa yana ci, ruwan ya ɗauke shi ya kai shi inda da bai isa ba.

Mutanen Accra sun ga wannan da idonsu ranar 3 ga Yunin 2015. An tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya yi ambaliya, jama'a suka fake a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah. Mai ya tsiyayo ya hau kan ruwan ambaliyar ya bazu, ya tarar da wuta a wani wuri, wutar ta biyo saman ruwa ta dawo. Sama da mutum 150 suka rasu tsakanin wuta da ruwa, wasunsu suna tsaye cikin ruwa har ƙugu.

Abin da ke kashe wutar mai shi ne raba ta da iska. 'Yan kwana-kwana kumfa ta musamman suke fesawa, ta shimfiɗu a kan man ta danne tururin. Ƙaramar wuta kuwa, yashi ko ƙasa, ko tukunyar kashe gobara mai hoda, ko jiƙaƙƙen bargo mai kauri da za a rufa a kai. Bokitin yashin da ake gani a gidan mai aikinsa ke nan. Motar kashe gobarar da ta iso da ruwa zalla, abin da za ta iya shi ne sanyaya jikin tanka da kare gidajen maƙwabta.

Dalilin da adadi ke ta hawa

Wutar fetur mai faɗi tana kai zafin digiri dubu. Ba sai harshenta ya taɓa mutum ba, hucinta kaɗai yana ƙona fata daga nesa. Yadin roba, wanda shi ya fi yawa a jikin mutane yanzu saboda araha, narkewa yake ya manne da tsoka.

Fata ita ke riƙe ruwan jiki, ita ke tare ƙwayoyin cuta. In ta ƙone da faɗi, ruwa yana tsiyaya daga jijiyoyin jini, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta fara gazawa. Likitoci suna auna faɗin ƙuna da tafin hannun majinyacin, wanda shi da yatsu yake daidai da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na fatar jiki. Babban mutum da ƙunarsa ta kai kashi 15 zuwa 20 yana buƙatar ƙarin ruwa da gaggawa, leda bayan leda, tun a sa'o'in farko. Wanda ya shaƙi hucin wuta kuma maƙogwaronsa yana iya kumbura ya toshe bayan sa'o'i, ko da ya iso asibiti da ƙafarsa yana magana. Wanda ya tsallake waɗannan, sai ya fuskanci ruɓewar ciwo a mako na biyu da na uku. Babu babban asibitin ƙaramar hukuma da aka gina don karɓar masu irin wannan ƙuna hamsin a dare ɗaya.

Abin da na kusa zai iya yi yana da tasiri sosai. Wanda wuta ta kama tufarsa kada ya ruga, gudu iska yake ba ta: ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Bayan ta mutu, a nan ne ruwa yake da amfani: a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ba ƙanƙara ba, a kan ƙunar har kimanin minti ashirin. A cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a fizge tufar da ta manne. A rufe da tsabtataccen zane, a kula kada sanyi ya kama majinyacin, musamman yaro, a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, baƙin mai, manja, gishiri, ƙullun koko, duk ba sa warkar da komai. Datti suke sa wa ciwon, kuma sai ma'aikacin jinya ya kankare su kafin ya fara aiki, majinyaci yana ihu.

Tankar da ke cikin gida

Abin da ya faru a kan titi, ƙaraminsa yana faruwa a gidaje ba tare da ya shiga labarai ba. Ɗan bumburutu ya tashi daga bakin hanya da dare, ya shigar da ragowar galan-galan ɗaki ko shago ya kulle. Murfin jarka ba ya riƙe tururi yadda ake zato, ga zafin rufin kwano yana ƙara matsa shi. Da asuba wani ya danna makunnin fitila, ko firji ya tayar da kansa, ko uwargida ta hura gawayi a tsakar gida, tururin da ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya tarar da shi.

Zuba wa janareta mai yana aiki, ko an kashe shi yanzun nan, ya ƙona mutane da dama. Fetur yana kamawa da kansa ba tare da tartsatsi ba in ya taɓa abin da zafinsa ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma salansar inji tana wuce haka. Minti goma na jira cikin duhu shi ne maganin. Haka wanke hannu ko kayan inji da fetur a rufaffen wuri, da yayyafa shi a katifa don kuɗin cizo, da watsa shi a kan shara don ta yi saurin ci.

Mafi muni a ganina shi ne gurɓataccen kananzir, domin wanda yake kashewa bai yi ganganci ko kaɗan ba. Fetur kaɗan in ya shiga kananzir, ko da gangan ko ta hanyar tanka da jarkar da ba a wanke ba, yana sauko da matakin kamawarsa ƙasa da zafin ɗaki. Sararin da ke cikin tankin risho ko fitila sai ya cika da haɗin nan da ya yi daidai. Mace ta zo ƙara mai fitila tana ci, kamar yadda ta saba shekara da shekaru, sai abin ya tashi a fuskarta. Kananzirin da ke warin fetur ba na sawa a risho ba ne, kuma ko mai kyau ne, a kashe wuta kafin a ƙara.

Laifin wa?

Ba na cikin masu zagin mamatan. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira dubu a watan da abin Majiya ya faru. A lokacin, kuɗin jarka ɗaya mai lita 25 ya fi sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ga shi akasarin mutanen karkara ko albashin ba su da shi. Magidancin da ya ga wannan dukiya tana bin kwata, ya kuma ga maƙwabcinsa ya dawo da jarka cike lafiya lau, lissafin da zai yi a bayyane yake. Abin da ya ɓace a lissafin shi ne bai san girman haɗarin ba. Yana ganin in bai kunna ashana ba ya tsira, bai san ransa yana hannun kowane mai babur da ke nesa da shi ba. Gargaɗin da ake yi na cewa abin yana da haɗari bai isa ba, sai an gaya wa mutane yadda haɗarin yake aiki, da harshen da suke ji.

Sannan me ya sa waɗannan tankoki suke ratsa tsakiyar garuruwa da kasuwanni tun farko? Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an haɗa ta da bututu zuwa daffo-daffo irin na Kano da Gusau da Jos da Maiduguri, don tanka ta yi gajeren zango kawai. Matatar da bututun sun shekara da shekaru ba sa aikin da aka yi su dominsa, sai aka koma jigilar man Arewa daga bakin teku, tafiyar kilomita dubu ko fiye, a kan titi mai ramuka, da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba. Tanka kuma nauyinta a sama yake, man yana tangaɗi a ciki, kwana ɗaya da gudu ko kauce wa rami ya isa ya kayar da ita. In murafunta da bawul ɗinta masu kyau ne, tana iya faɗuwa ba ta zubar ba. Yawancin bala'in daga lalataccen murfi yake farawa.

Bayan Dikko, hukumar da ke kula da harkar rarraba mai ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris na 2025. Mataki ne mai kyau, sai dai lita 45,000 ma in ta zube tururinta iri ɗaya ne. Abin da ke raba faɗuwar mota da jana'izar gari shi ne rabin sa'ar farko. Ƙa'idar masu aikin gaggawa a Amurka ta ce in mai irin wannan ya zube da yawa a janye mutane aƙalla mita 300 ta ɓangaren da iska ke kaɗawa, in kuma tankar ta kama wuta a ba ta mita 800 ta kowace fuska. Mita 300 tafiyar minti huɗu ce. 'Yan sanda biyar ba za su iya tsare wannan fili ba, kuma motar kwana-kwana tana iya kasancewa a wani gari. Waɗanda ke wurin a wannan lokaci su ne mai unguwa, da liman mai lasifika, da 'yan sintiri, da shugabannin 'yan acaɓa da na direbobi. Su ya kamata a koya wa abin da za su faɗa: a kashe kowane inji, kada a tayar da wanda ke kashe, a kashe wutar girki da ta mai shayi da mai tsire, a tare hanya daga nesa ta ɓangarorin biyu, jama'a su nufi tudu da inda iska ke fitowa, a nisanci kwata da kwalbati ko da sun yi nisa da motar.

Ko bayan an kwashe man an ɗaga motar, aiki bai ƙare ba. Tankin da ke cike, tururin cikinsa ya yi kaurin da ba zai kama ba. Wanda aka juye, iska ta shiga ta gauraya da ragowar, shi ne ke fashewa. Masu walda da yawa sun rasa rayukansu a kan tankin mota ko duron da aka ce musu babu komai a ciki, wani ma ya yi watanni a ajiye. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da man da ya maƙale a saƙo da tsatsa. A wuraren da ake bin ƙa'ida, sai an wanke tankin da tururin ruwan zafi, an auna iskar cikinsa da na'ura, ko an cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aikin, kafin a yarda wuta ta matso kusa da shi.